Waƙar yara ce, amma ɗana yana toshe kunne: in raba shi da ita?

Tambaya: Ɗana yana da shekara 4, kuma likita ya tabbatar yana da lalurar otizim. A makarantarsu ana koya musu wata waƙar dabbobi, malamarsu ta turo mini bidiyonta don ya riƙa maimaitawa a gida. Farkon waƙar yana sonsa, har rausaya yake yi. Amma da an zo wurin da zakara ke cara, yara su kwashe da ihu, sai ya toshe kunnuwa ya fashe da kuka. Abin da ya ɗaure mini kai, bayan ya huce shi da kansa yake kawo mini wayar in sake sa masa. Waƙar nan ta dace da yaro irinsa, ko in raba shi da ita?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Malama, Allah ya raya shi ya yi masa albarka. Shawarata ita ce ki bar masa waƙar, ki ajiye wannan bidiyon na ɗan lokaci. Baitoci da karin waƙa abu ɗaya ne, yadda aka ɗauke ta a sitidiyo aka cika ta da ƙararraki wani abu ne daban, kuma daga bayaninki na biyun ne ke ba shi wahala. Yaron da ke rausaya a farkon waƙa, ya kuma dawo yana neman a sake sa masa, yana son waƙar. Wuri ɗaya ne a cikinta yake cutar da shi, kuma shi wannan wurin ana iya gano shi a yi maganinsa.

Kada ki ɗauka cewa tunda an rubuta "waƙar yara" to an yi ta ne da sassauci. A aikina na gwajin jin yara na saurari irin waɗannan waƙoƙi da yawa, kuma mafi yawansu an shirya su ne don su fizgi hankalin yaro su riƙe shi a kan allo. Shi ya sa ake zuba musu usur, ƙararrawa, kuge, kukan dabbobi, dariyar da aka ƙara wa sauri, da muryoyin da aka siranta da na'ura har suka fi na yaro tsini. Yawancin yara suna jin daɗin hakan. Wanda kunnensa ke da saurin ɗaukar ƙara kuwa, ainihin abubuwan da aka sa don a burge shi su ne ke soka masa.

Damuwar nan ta gaske ce, kada kowa ya ce miki shagwaɓa ce. Tun 2013 littafin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ke fitarwa don tantance lalurori ya sanya yawan jin zafin sauti, haske ko taɓi, ko kuma ƙarancinsa, cikin alamomin otizim. Ana kuma samun hakan a yaran da ba su da otizim: masu ciwon ɓarin kai, waɗanda suka taɓa buguwa a ka, da wasu masu raunin ji. Mutumin da jinsa yake daidai yakan fara jin ƙara ta dame shi ne idan ta kai wajen desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 100 a gwajin asibiti. Mai wannan matsala yana iya kaiwa wannan matsayi tun a 70, ko ƙasa da haka, alhali hirar yau da kullum ma tana wajen 60. Kin ga ratar da ke tsakanin "ina jin daɗi" da "ya ishe ni" ta ƙuntata ƙwarai a wurinsa.

Iyaye sukan fara da rage ƙarar waya, kuma hakan daidai ne, sai dai sau da yawa ba ya wadatarwa. Dalili shi ne ƙarfin sauti ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ke sa waƙa ta yi wa kunne nauyi, kuma a ganina ba shi ne babba ba. Babban shi ne bazata.

A cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wata 'yar tsoka, mafi ƙanƙanta cikin tsokokin da ke manne da ƙashi a jikin mutum, wadda ke ɗamewa idan ƙara ta yi yawa, ta rage abin da ke wucewa ciki. Amma sai ƙarar ta riga ta iso take motsawa, kuma tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta ɗame. Sautin da ya taso a hankali yana ba ta dama ta shirya. Wanda ya faɗo farat ɗaya, kamar tafi, bugun kuge ko carar zakara bayan wuri ya yi tsit, ya riga ya shige kafin ta yi wani abu. Ƙari a kan haka, sautuka masu kauri ta fi ragewa, masu tsini kuwa kusan wucewa suke yi abinsu. Ita ma ƙwaƙwalwa haka take: kullum tana hasashen abin da zai biyo baya, idan hasashen ya yi daidai jiki ya kwanta, idan aka shammace ta jiki ya zabura, zuciya ta buga, kafaɗu su ɗage. Wannan ne ya sa za ki ga yaron da ba ya jure ihun wani shi kansa yana iya kurma ihu ko ya yi ta buga murfin tukunya ko a jikinsa. Ƙarar da ya yi da kansa ya san lokacin zuwanta, kuma waccan tsokar takan ɗame tun kafin mutum ya fara magana. Kamar cakulkuli ne: mutum ba ya iya yi wa kansa ya ji, amma wani na taɓa shi zai zabura.

Yanzu ki duba yadda aka gina irin waƙar da kika kwatanta. Ana farawa da kiɗa mai taushi, murya ɗaya tana rera baiti. Sai a ɗan dakata, a yi shiru na rabin daƙiƙa don a ja rai. Daga cikin shirun nan zakara zai tsage da cara, kafin ta mutu yara goma su kwashe da ihu, hoton ma ya canza launi a lokaci guda. Ko da kin rage ƙarar wayar zuwa rabi, tsallen da ke tsakanin shirun da carar yana nan yadda yake. Wani lokacin ma ragewar na sa yaro ya matso da kunnensa kusa don ya ji baitin mai taushi, carar ta same shi a nan.

Abu na biyu shi ne tsinin sauti. Kunnen ɗan Adam ya fi jin sautukan da ke kaɗawa sau 2,000 zuwa 5,000 a daƙiƙa ɗaya, domin ramin kunne kansa yana ƙara musu ƙarfi. A wannan yanki usur yake, da ƙananan ƙararrawa, da kaifin kukan jariri, da ƙarar farce a kan allon aji. Sifikar waya kuwa ƙanƙantarta ba ta barinta ta fitar da sauti mai kauri, don haka sai ta zubar da kaurin gangar da na jitar, ta bar tsinin kaɗai, kuma idan aka ƙure ta sai ta fara tsatstsagewa. Waƙa ɗaya, idan aka sa ta a babbar sifika daga can gefen ɗaki a kan ƙaramar murya, tana iya zama abin da yaron zai saurara har ƙarshe, alhali a waya kusa da fuskarsa ba zai iya ba. Na sha ganin haka.

Akwai kuma kaushi. A 2015 wani mai bincike, Luc Arnal, da abokan aikinsa suka wallafa bincike a kan ihun ɗan Adam, suka nuna cewa ƙarfin sautin ihu yana hawa da sauka da sauri, tsakanin sau 30 zuwa 150 a daƙiƙa, yankin da maganar yau da kullum ba ta shiga. Jiniya da ƙararrawar gargaɗi ma a nan suke. Sun ga cewa irin wannan sauti yana tayar da sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro. Ihun murna na yara a cikin waƙa, duk da cewa na wasa ne, yana iya ɗaukar wannan kaushin, kuma jikin yaronki ba zai tsaya tantance ko na murna ne ko na haɗari ba kafin ya amsa.

Sai cunkoso, wato murya da kiɗa da kukan dabba da tafi duk a lokaci guda. Yara da yawa masu otizim suna wahala wajen ware murya daga hayaniyar da ke bayanta, don haka waƙa mai cunkoso tana gajiyar da su ko da babu wani wuri mai firgitarwa.

To yaya za ki auna waƙa kafin ki sa masa? Ki saurare ta ke kaɗai, ki kifa wayar don kada hoto ya ɗauke miki hankali, da takarda da biro a hannu. Duk inda wani sauti ya shigo ba shiri, ki rubuta daƙiƙar. Duk inda kika ji kin ɗan runtse ido ko kin kai hannu za ki rage ƙara, ki rubuta. Waƙar da za ta dace da shi ita ce wadda kika kai ƙarshenta takardarki kusan ba komai a kai: murya ɗaya ta mutum wadda ba a siranta ba, kayan kiɗa ɗaya ko biyu, kari mai tafiya daidai ba ya ƙara sauri, amshi mai dawowa yadda aka san shi, farawa a hankali, ƙarewa a hankali. Ki kula da ƙarshen sosai, domin waƙoƙin yara suna son rufewa da "yeee!" da tafi.

Waƙoƙin reno tun asali haka suke, kuma an gwada tasirinsu. A 2020 masu bincike a jami'ar Harvard suka sa wa jarirai 144 waƙoƙi daga al'ummomin da ba su taɓa jin harshensu ba. Idan waƙar ta reno ce, bugun zuciyar jariran yakan ragu, jikinsu ya saki, fiye da idan wata irin waƙa ce. Ba su fahimci kalma ko ɗaya ba, yanayin sautin ne ya yi aikin.

Bayan kin auna waƙar, sai ki auna shi. Toshe kunne da kuka su ne alamomin ƙarshe, akwai waɗanda ke zuwa kafin su. Ki zauna gefensa ki dubi jikinsa, ki bar kallon allon. Za ki ga rausayar ta tsaya, kafaɗu sun hau, yana ƙifta ido da sauri, hannunsa ya taso ya tsaya kusa da kunci yana jira. Wani yaron yakan fara gunguni a maƙogwaro don ya rufe abin da ke tafe da muryarsa. Idan waɗannan alamomi sun fara bayyana daƙiƙa biyar ko goma kafin zakaran ya yi cara, to ya haddace wurin, kuma yanzu fargabar jiran tana wahalar da shi kamar ƙarar kanta. Irin wannan fargaba ce ke yaɗuwa: yau wurin carar, gobe dukan waƙar, jibi da an ɗauko waya ya ruga. Shi ya sa ba na son a ci gaba da sa masa bidiyon yadda yake da sunan "zai saba". Sabo yana samuwa ne idan sautin bai kai ga firgita shi ba. Idan kullum sai ya kai ga kuka, tsoron ake koya masa.

Game da dawo miki da wayar da yake yi, yana iya kasancewa farkon waƙar yake nema, yana iya kuma kasancewa yana ƙoƙarin ya rinjayi wurin da ke ba shi tsoro. Ko wanne ne, alama ce mai kyau, kuma a kanta za ki ɗora.

Ki fara da bakinki. Ki rera masa waƙar ke da kanki, ba kiɗa, a kan muryar hira. Idan kin zo wurin zakara ki tsaya, ki ɗaga yatsa, ki ce "ga zakara nan", sa'an nan ki yi carar a hankali, kusan da raɗa. Bayan wasu kwanaki ki bar masa wurin, shi zai yi carar, da ƙarfin da ya ga dama. Muryar uwa ta fi kowace na'ura a nan, saboda kina ganin fuskarsa, da kin ga ya ɗaure za ki sassauta nan take, abin da bidiyo ba zai taɓa yi ba. Idan ya saki jiki da wannan, sai ki dawo da waƙar bidiyon, sauti kaɗai ba hoto, a kan ƙaramar murya, na'urar tana can nesa. A fili, duk lokacin da aka ninka tazarar da ke tsakanin kunne da sifika, sautin na raguwa da kusan desibel 6. A cikin ɗaki ragin bai kai haka ba saboda amsa-kuwwa, amma yana taimakawa. Ki nuna masa maɓallin tsayarwa ki bar shi a hannunsa. Yaron da ya san yana iya kashe waƙa duk lokacin da ya so yakan jure abin da ba zai jure ba idan a hannun wani take. In ya tsayar, kada ki lallashe shi ya ci gaba, ki ce "to, mun tsaya", shi ke nan. Ƙara ƙarfin sautin kuwa sai a hankali, mataki ɗaya, a daɗe a kai kafin na gaba. Ranar da ya gaji, ko yana jin yunwa, ko ya dawo daga wuri mai hayaniya, juriyarsa takan ragu, a bar gwaji ranar.

Wani abu da ke ɓata wannan aiki duka shi ne talla. Ki tantance waƙa tsaf, ki sa a YouTube, sai talla ta faɗo a tsakiya da kiɗa mai ƙarfi, ko waƙar ta ƙare wata ta hau da kanta. Ki kashe tsarin da ke sa bidiyo na gaba ya fara shi kaɗai, kuma inda hali ki sauke waƙoƙin da kika amince da su a kan na'urar. Ki kashe ƙarar shigowar saƙo ma a lokacin.

Batun hedfon yana da fuska biyu. Na sauraron waƙa, ban cika so wa yaro mai shekara 4 ba. Ramin kunnensa ƙarami ne, don haka sautin da ya fito daga abin da aka cusa a ciki ya fi ƙarfi a dodon kunnensa fiye da a naki, kuma ke ba ki jin abin da yake ji. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar ita ce desibel 80 na awa 40 a mako ga manya, desibel 75 na awa 40 ga yara. Yawancin hedfon da ake sayarwa da sunan na yara an ƙayyade su ne a 85, kuma a wannan mataki awa 40 ɗin nan ta yara ta koma kamar awa 4 a mako. Ki tuna kuma wannan ƙa'ida ta kare ji daga lalacewa ce. Sautin da bai kai ya lalata kunne ba yana iya kaiwa ya sa yaronki kuka.

Na toshe ƙara kuwa, irin mai rufe kunnuwa gaba ɗaya, yana da amfani a wurin da ba ku da iko da hayaniya, kamar taro ko tafiya, kuma sanin cewa yana cikin jaka kaɗai yakan kwantar wa yaro hankali. Amma kada ya zama abin sawa daga safe har dare. A 2003 wani mai bincike, Craig Formby, da abokan aikinsa suka sa masu lafiyayyen ji su yi mako biyu da abin toshe kunne, bayan haka sai sautuka suka koma yi musu ƙarfi fiye da da. Waɗanda aka sa wa ƙaramin sauti mai ɗorewa na tsawon wannan lokaci kuwa juriyarsu ƙaruwa ta yi. Ƙwaƙwalwa idan aka rage mata sauti sai ta ƙara buɗe kunne. Saboda haka mayar da gida tsit da hana shi duk wata waƙa, wanda tausayi ke sa iyaye su yi, yana iya ƙara tsananta matsalar. Wannan shi ne dalilina na biyu na cewa ki bar masa waƙarsa.

Idan ba a yi masa cikakken gwajin ji ba kwanan nan, a yi. Abin yana ba iyaye mamaki, amma yaro mai raunin ji na can cikin kunne yana iya kasa jin ƙaramin sauti, sa'an nan babban ya yi masa zafi fiye da kowa. Ruwan da ke taruwa bayan dodon kunne, wanda ya yawaita a wannan shekaru, yana dushe ji na makonni, idan ya washe sai duniya ta yi wa yaro ƙara. Ki gaggauta zuwa wurin likitan kunne idan yana jan kunne ɗaya yana kuka, ko kunnen na zubar da ruwa, ko damuwar ta fara kwatsam bayan zazzaɓi ko buguwa a ka, ko ya daina amsawa idan an kira shi. Idan kuma tsoron ƙara ya kai ga hana shi zuwa makaranta ko cin abinci cikin mutane, ku nemi masanin ji tare da ma'aikacin da ke horar da yara masu lalura kan harkokin yau da kullum, su tsara masa shiri na musamman.

Saura makaranta, kuma can ne abin ya fi wuya, domin aji mai siminti da bango ƙwam yana dawo da sauti, ga yara da yawa suna yin carar tare, kowa na son muryarsa ta fi. Ki je ki sami malamar, ki gode mata da ta turo waƙar, ki nuna mata takardarki da daƙiƙar da kika rubuta. Ki roƙe ta ta zaunar da shi nesa da sifika, a gefen da ke kusa da ƙofa, ta riƙa ɗaga yatsa kafin wurin zakara kamar yadda kike yi a gida, kuma ta ba shi izinin fita ya tsaya a bakin ƙofa ba sai ya tambaya ba. In za ta yarda wasu ranaku a rera waƙar da baki ba tare da na'ura ba, ko a yi baitin zakaran da raɗa a matsayin wasa, ya fi. Bayan mako biyu ku sake zama ke da ita, ki tambaye ta a wane baiti hannunsa ke fara tasowa zuwa kunne, domin daga nan za ku san ko a ƙara mataki ko a dakata.